Garehul Biyu a Kantin Dublin: Sharhi Kan Littafin Mary Manning

Ranar 19 ga Yulin 1984 wata mata ta kawo garehul biyu gaban mai karɓar kuɗi a kantin Dunnes Stores da ke titin Henry a birnin Dublin na ƙasar Ayilan. Mai karɓar kuɗin, Mary Manning, 'yar shekara 21, ta ce ba za ta taɓa su ba, domin daga Afirka ta Kudu aka kawo su. Shugabannin kantin suka dakatar da ita, abokan aikinta goma suka bi ta waje. Yajin aikin da suka zaci na kwanaki ne ya kai shekara biyu da wata tara. Labarinsa ne Manning ta bayar a littafinta Striking Back, wanda ta rubuta tare da Sinéad O'Brien, ya fito a 2017.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi wa kanta kwalliya ba. Mu ma'aikatan rediyo, idan ranar tunawa da Mandela ta zagayo, mun saba ba da irin wannan labari kamar an haifi mutanen da aƙidarsu a ƙirji. Manning ta nuna ba haka abin yake ba. Ƙungiyarsu ta ƙwadago, IDATU, ita ta ba da umarnin kada mambobinta su taɓa kayan Afirka ta Kudu. Su kuwa 'yan matan ba su san wani abin kirki game da wariyar launin fata ba, kuma dama suna jin haushin yadda manajoji ke wulaƙanta su. Haushin wurin aiki ne ya fara fitar da su, fahimta ta zo daga baya, a bakin ƙofar kantin.

Wanda ya kawo fahimtar shi ne Nimrod Sejake, ɗan ƙwadago daga Afirka ta Kudu da ke gudun hijira a Dublin, wanda yana cikin mutanen da aka gurfanar tare da Mandela a shari'ar cin amanar ƙasa ta 1956. Dattijon ya riƙa zuwa yana tsayawa tare da su, yana ba su labarin ƙasarsa da misalin da ɗan Dublin zai gane nan take, wato kofin giyar Guinness, farar kumfa kaɗan a sama, baƙi mai yawa a ƙasa. A ganina nan ne zuciyar littafin take, kuma nan ne na so a ce an daɗe. Idan aka ba da labarin goyon bayan da Turawa suka ba Afirka, sau da yawa sai a mayar da baƙar fata wanda ake taimaka wa kawai. A nan shi ne malami. Ya cancanci shafuka fiye da waɗanda ya samu.

Littafin bai ɓoye tsadar abin ba. Fam 21 a mako ƙungiya ke ba su. Masu sayayya suna ratsa su su shige, wasu har da zagi, yawancin abokan aikinsu kuma sun ci gaba da aiki a ciki. Sai da Desmond Tutu ya gana da wasunsu a Landan a Disamban 1984, yana kan hanyarsa ta zuwa karɓar lambar Nobel, duniya ta waiwayo. A Yulin 1985 suka tafi Afirka ta Kudu bisa gayyatarsa, hukumomi suka tsare su a filin jirgin saman Johannesburg, suka juyo da su. A ƙarshe gwamnatin Ayilan ta haramta shigo da kayan marmari da na lambu daga can, yajin ya ƙare a Afrilun 1987. Ita Manning samun aiki ya yi mata wuya a gida, har ta yi ƙaura zuwa Ostareliya.

Akwai zare na biyu, labarin mahaifiyarta da ta tashi a gidan marayu na coci. Wasu za su ce ya janye hankali daga yajin. Ban yarda ba gaba ɗaya, domin ya nuna cewa Ayilan ɗin da ke jin tausayin Soweto tana da nata waɗanda ta danne. Sai dai a wasu wurare ɗinkin ya fito fili, mai karatu ya ji an ɗauke shi daga bakin kanti daidai lokacin da magana ta yi zafi.

Ga mai karatu daga yankinmu akwai abin kwatantawa. Idan ana maganar gudummawar Afirka ta Yamma, sunayen gwamnatoci ake kira, misali asusun tallafa wa kudancin Afirka da Najeriya ta kafa a 1976, wanda ma'aikata suka zuba wani kaso na albashinsu a ciki. Sau da yawa a kan shugaban ƙasa maganar ke tsayawa. Littafin Manning ya sauko da ita kan wadda ke zaune a bayan na'urar kuɗi, mai tunanin kuɗin mota da na haya. Turancinsa mai sauƙi ne, na hira, kuma zai yi daɗin saurare idan aka fassara shi aka karanta a rediyo kashi-kashi. Mandela ya gana da masu yajin a Dublin a 1990, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku, wasunsu kuma sun je Afirka ta Kudu lokacin jana'izarsa a 2013.