Anar: Sirrin Faifan Farko na Mdou Moctar

Mazaunin Araba, dab da iyakar Illela da Birnin Ƙonni, kunnensa ya saba da kiɗa iri biyu: fiyanon waƙoƙin fim da ke zuwa daga Kano, da jitar Buzaye da ke gangarowa daga Tawa da Agadas. Waɗannan biyun ne suka haɗu a Anar, faifan farko na Mdou Moctar, wanda aka naɗa a Sakkwato a 2008.

Mahamadou Souleymane, kamar yadda sunansa na yanka yake, ɗan jihar Tawa ne. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. Da ya shiga situdiyo a Sakkwato, kayan aikin 'yan nanaye ya tarar: gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Sai ya ɗora waƙoƙinsa na bege da Buzanci a kansu.

A nan daɗin yake. Na'urar da ake zargi da rufa wa marasa murya asiri, a wurinsa wani aiki ta yi: muryar takan sirance, ta yi rawa, ta karye a ƙarshen baiti kamar ta mai danne kuka. Gangar ba ta cika canza taku ba, jitar ma ba ta gasa da mawaƙin, don haka babu abin da ke janye hankali daga kewar da ke cikin muryar. Bahaushen da ba ya jin Buzanci ya san amon daga fina-finai, Buzu kuma ya san karin tun daga gida.

Faifan bai bi ta hannun kamfani ba a lokacin. Daga memori zuwa memori ya yi ta yawo, ta bulutut da shagunan masu tura waƙa, kuma siririn amonsa ya dace da ƙaramar lasifikar waya. Ta wannan hanya Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji waƙar Tahoultine, ya nemo mai ita, ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones na 2011. Kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da Anar a 2014.

Daga baya Mdou ya koma jitar lantarki mai tsawa. Fayafayansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun fi Anar gwaninta da zafin siyasa nesa ba kusa ba, kuma su suka cika masa zauruka a Turai da Amurka. Sai dai abokin magana ya canza. A sababbin fayafayan, duniya yake kai wa ƙara kan halin da Afirka ke ciki. A Anar kuwa saurayi ne ke faɗin damuwarsa ga tsararrakinsa, da kayan kiɗan da suke ji kullum. Wannan kusancin ne masu son tsohon faifan ke nema, kuma ƙwarewa ba ta maye gurbinsa.