Gwanin da Ke Gano Inda Aiki Ya Maƙale a Cikin Sabar

Kamfani kan kashe kuɗi ya sayi sabuwar sabar mai ƙwaƙwalwa takwas, ya ajiye tsohuwarsa mai ƙwaƙwalwa ɗaya, yana sa ran shafinsa na intanet zai riƙa buɗewa nan take. Ana kunnawa sai a tarar shafin yana nan yadda yake, wani lokacin ma nauyinsa ya ƙaru. A irin wannan rana ake neman injiniyan da sana'arsa ita ce bin sawun jinkiri. Aikinsa ba ya fitowa a fuskar shafi, amma cikin masu rubuta manhaja kaɗan ne suka kai shi natsuwa da zurfin tunani.

Abin da ya fara sani shi ne yawan ƙwaƙwalwa ba ya raba aikin da ba ya rabuwa. Tun a shekarar 1967 Gene Amdahl, injiniyan kwamfuta ɗan Amurka, ya yi wannan lissafi. Idan kashi 5 cikin ɗari na aiki dole a yi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙwaƙwalwa takwas ba za su ba da saurin da ya kai ninki shida ba, kuma ko an tara dubu ba za a wuce ninki 20 ba. Idan rabin aikin ne haka, ninki biyu ne iyaka. Don haka gwanin kan fara da tambaya ɗaya: a wane wuri ne kowa ke tsayawa jiran kowa?

A wasu harsunan da ake rubuta shafuka da su, wurin jiran yakan kasance a cikin harshen kansa. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da wani makulli guda da ake kira GIL. Manhaja na iya raba aikinta zare-zare, amma zaren da ke riƙe da makullin ne kaɗai ke gudanar da umarnin Python a lokaci guda. Kamar majiya ƙarfi takwas ne a bakin rijiya da guga ɗaya: ɗaya na ja, bakwai na kallo. An sa makullin da dalili, domin Python na ƙirga sau nawa ake amfani da kowane abu da ke cikin ma'adana, kuma idan zare biyu suka taɓa ƙirgar tare, lissafin ya lalace. Ruby ma yana da irin wannan makulli.

Wanda ya nuna wa duniya yadda ake wannan bincike shi ne David Beazley, a wata lacca da ya gabatar a Chicago a 2009. Ya rubuta ƙaramar manhaja wadda ba ta komai sai ƙirga lambobi. Da ya gudanar da ita sau biyu a jere a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu, ta ɗauki daƙiƙa 24.6. Da ya raba aikin ga zare biyu, sai ta ɗauki daƙiƙa 45.5. Sannan ya yi abin da ba kowa zai yi tunaninsa ba: ya kashe ƙwaƙwalwa ɗaya ya sake gwadawa, lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 38. Ashe ƙwaƙwalwa ta biyu ce ke ƙara dagula lamarin.

Beazley bai tsaya a mamaki ba. Ya shiga cikin injin Python ya sa masa abin da ke rubuta duk wani yunƙurin karɓar makulli. Sai ya ga cewa bayan kowane taku 100, zaren da ke aiki yakan saki makullin ya sanar da mai jira. Mai jiran ya farka a ɗaya ƙwaƙwalwar ya miƙa hannu, amma kafin ya isa, na farkon ya riga ya sake karɓewa. Ya koma barci, a sake tashinsa, ya sake rasawa, haka dai ba iyaka, kuma kowace farkawa na cin lokaci. Bayan wannan bayani Antoine Pitrou ya sake tsara makullin, aka fitar da gyaran a Python 3.2 a 2011, inda mai jira ke haƙuri na kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya nemi a miƙa masa.

Da yake makullin bai tafi ba, gwanaye suka bi ta gefensa. Maimakon zare da yawa a cikin manhaja ɗaya, sai a tayar da kwafin manhajar da yawa, kowane da makullinsa da ƙwaƙwalwarsa. Haka manhajojin Gunicorn da uWSGI ke yi wa Python, PHP-FPM ma kwafi da yawa yake tayarwa ga harshen PHP. Sai dai wannan dabara na cin ma'adana sosai. Injiniyoyin Instagram sun lura cewa kwafin da ya kamata su yi tarayya a ma'adana ɗaya suna ta rarrabuwa, kowane na kwafar nasa. Da suka bi diddigi, sai suka gano cewa sashen Python mai share abubuwan da aka gama da su ne ke taɓa ma'adanar, taɓawar kuma ke tilasta kwafar. A 2017 suka sanar cewa kashe wannan sashe ya ƙara musu ƙarfin aiki da kusan kashi 10 cikin ɗari, ba tare da sayen ko inji ɗaya ba.

Wani lokacin jiran ba a harshen yake ba. PHP, a tsarinsa na asali, yakan kulle fayil ɗin da ke riƙe bayanan zaman mai ziyara, sai buƙatun mutum ɗaya su shiga layi ko da sauran ƙwaƙwalwa na zaune ba aiki. Layi ɗaya a rumbun bayanai da kowa ke son gyarawa ma kan haifar da haka. Gwani yakan duba nauyin kowace ƙwaƙwalwa daban, domin matsakaicin lissafi na ɓoye guda ɗaya da ta cika maƙil a tsakiyar bakwai da ke hutawa. Yakan canza abu ɗaya tak, ya auna, sannan ya taɓa na gaba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Aikin bai ƙare ba. Shawarar Sam Gross ta cire makullin Python ta samu karɓuwa a 2023, kuma Python 3.13 na watan Oktoban 2024 ya zo da nau'in gwaji marar GIL. Amma cire makulli ɗaya ba ya soke lissafin Amdahl, jiran zai koma wani wuri ne kawai. Duk matashin da ke koyon rubuta shafuka, ya haɗa da koyon awo, domin wanda ya iya gano inda aiki ke tsayawa ya fi wanda ya iya sayen babban inji amfani ga kamfaninsa.