Waƙar Jiya Muke Bege Ko Ƙuruciyar Jiya? Sharhi a Kan Waƙoƙin Fiyano na 1999 Zuwa 2009

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan sharhi wata gardama ce da ta kaure a teburin wani mai shayi a unguwar Arkilla, cikin garin Sakkwato, bayan sallar isha'i. Wani abokina, malamin makarantar sakandare wanda ya ba shekara arba'in baya, shi ne ya kunna waƙar fim ɗin Sangaya a wayarsa, ya lumshe ido har ta ƙare, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce waƙa ta mutu a ƙasar Hausa tun ranar da aka daina irin wannan. Wani matashi da ke gefe ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wagga waƙa ai kiɗinta awa na abin wasan yara." Kafin Malam ya mayar da martani, sai wani dattijo da muke kira Baba ya aje kofinsa ya ce, "Ku duka biyu ba ku san waƙa ba. Mi kuka ji ga wanga gwangwani? In ana batun waƙa a kira Narambaɗa, a kira Ɗanƙwairo."

Mutum uku, hukunci uku, kuma kowa ya rantse da gaskiyarsa. Ya kamata in gaya wa mai karatu tun da wuri cewa ni ma tsaran Malam ne, kuma abin da ya ji a ransa na ji shi. Amma aikin mai sharhi bai tsaya ga faɗin abin da ya yi masa daɗi ba. Don haka wannan maƙala za ta dubi waƙoƙin finafinan Hausa na tsakanin 1999 da 2009, waɗanda ake kira waƙoƙin fiyano, ta tambayi dalilin da ya sa muke begensu, sannan ta ɗora su a sikeli.

Asalin Waƙoƙin

Masu nazari sun yi ittifaƙi cewa fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Amma kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da waƙar Indiya kafin wannan lokaci. Tun zamanin gidajen silima mutanenmu suka haddace muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Hasali ma, a Kano har an sami masu bege da mandiri da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai, kamar yadda Brian Larkin ya yi bayani a nazarce-nazarcensa.

Da ƙaramin fiyano ƙirar Yamaha ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, irin su na Iyan-Tama, sai abin nema ya samu. Mutum ɗaya da yatsunsa goma zai fitar da amon ganga da sarewa da goge a zaune wuri guda, ba sai an tara makaɗa da 'yan amshi ba. Sangaya, wanda kamfanin Sarauniya ya fitar a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad a ciki, shi ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa na iya sayar da fim. Wasila ya biyo baya a 2000. Daga nan aka ari tsarin Indiya ɗungurungum: ɗan wasa na motsa baki a majigi, murya kuwa ta wani ce da ke ɓoye. A bayan wannan labule ne aka sami irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Yakubu Muhammad da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar da Maryam Sangandale.

Abin lura shi ne, a shekarar da Sangaya ya fito, wato 1999, a cikinta ne Alhaji Mamman Shata ya rasu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa ya riga shi tun 1991. Ke nan sabon kiɗan ya shigo ne daidai lokacin da manyan bishiyoyi ke faɗuwa, shi ya sa tsarar Baba suka dube shi da idon baƙon da ya zo ranar makoki yana rawa.

Me Ya Sa Muke Begensu?

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abubuwan da mutum ya fi riƙewa a ƙwaƙwalwarsa su ne waɗanda suka same shi daga tasowarsa zuwa wajen shekara talatin. A wannan tsakanin ne ake fara soyayya, ake barin gida zuwa makaranta, ake ƙulla abotar da ke ɗorewa. Duk waƙar da ke tashe a lokacin sai ta manne da waɗannan al'amura, ta zama makullin ɗakin da aka aje su.

Na gwada wannan a kaina. Idan na ji waƙoƙin farkon shekarun 2000, abin da ke zuwa mini shi ne shagon mai kaset, da rediyo mai cin batir shida, da biron da muke juya kaset da shi don kada batir ya ƙare. Ina tuna yadda ake cika falon maƙwabta idan an kawo wuta, yara a ƙasa, mata a kan tabarma, ana jiran wurin waƙa. Ina tuna abokan da muka yi hayar kaset tare, waɗanda wasunsu yau suna kwance a maƙabarta. Duk wannan ba ya cikin baitocin waƙar. Ni na zuba shi a ciki. Matashin nan da ya ce kiɗan kamar na wasan yara bai yi rashin kunya ba, domin shi sautin kawai ya ji, ba shi da abin da zai zuba.

Haka shi ma Baba. Ko shakka babu Bakandamiyar Narambaɗa ta fi ƙarfin a jera ta da waƙar fim. To amma da za a tona zuciyar Baba, za a tarar a cikin son da yake yi mata akwai Rediyo Rima na zamanin ƙuruciyarsa, da Jihar Sakkwato kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996.

A Ɗora Su a Sikeli

Malamanmu irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya sun shimfiɗa mana hanyoyin feɗe waƙa: a dubi jigo, a dubi zubi da tsari, a dubi salo da sarrafa harshe. Bari mu bi waɗannan a taƙaice.

Ta fuskar jigo, waƙoƙin fiyano sun yi wani abin da ba a cika ba su ladansa ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi sarakuna suka yi wa waƙa. Ɗan'anace ya shahara da 'yan dambe da manoma. Shata ya wasa masu mulki da attajirai da ma'abota sana'o'i. Soyayyar saurayi da budurwa tana nan a waƙoƙin dandali da na 'yan mata da wasu na masu garaya da gurmi, amma ba ta zama babban jigon da ake yayatawa ba. Waƙar fim ce ta fito da ita fili, ta sa namiji da mace suna musayar baiti, kowa na faɗin abin da ke ransa. A nan ta yi tarayya da littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Sai dai jigon ya yi ƙunci. Daga yabon kyau sai kukan rabuwa, sai alkawarin mutuwa tare.

Ta fuskar sarrafa harshe kuwa, a nan ne sikelin ya rinjaya wajen Baba. Makaɗin baka yakan gina ɗan waƙa da kirari da habaici da zambo da karin magana, har sai mai sauraro ya yi shekaru yana tsintar sabuwar ma'ana. Da yawa daga waƙoƙin fiyano kuwa kari aka fara samu, galibi na aro, sannan aka cusa masa kalmomi. Sakamakon haka sai a ja wasalin da gajere ne, a karya karin sautin kalma, a kawo kalmar da ba ta da aiki sai don amsa-amo ya daidaita. Hausa harshe ne mai karin sauti, idan aka tanƙwara shi don ya bi kiɗan wani harshe, ma'ana ce ke shan wahala. Wannan aibi ne, kuma bege ba zai wanke shi ba.

Ta fuskar kiɗa, matashin nan yana da hujja. Amon fiyanon wancan lokaci siriri ne, bugunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ya magana kamar yadda kalangu ko kotso ke yi. Amma ta fuskar murya da rerawa, Malam ne ke da gaskiya. Mawaƙan farkon wancan zango sun rera ne kafin na'urar gyaran murya ta zama ruwan dare, don haka wanda ba shi da murya ba ya daɗewa a fage. Amshinsu kuma mai sauƙin kamawa ne, shi ya sa har yau ake jin su a gidajen biki.

Akwai kuma abin da ba a musu: su ne tsanin da na baya suka taka. Bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, da tsauraran matakan da ta ɗauka a 2007, da kuma yaɗuwar wayar salula da masu tura waƙa a memori, waƙa ta fara cin gashin kanta daga fim. A wannan yanayi ne irin su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka yi suna da muryarsu da fuskarsu. Ala musamman ya nuna cewa ana iya ɗora tsararren baiti mai nauyi a kan fiyano. Hatta Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda ta game gari a 2020, jikar waɗancan waƙoƙi ce.

Abin da Ake Shirin Rasawa

Yayin da muke gardama a teburin mai shayi, kaset ɗin da ke ɗauke da waɗannan waƙoƙi yana lalacewa a cikin kwali, zafi da ƙura suna cinye zarensa. Abin da ke yawo a YouTube da wayoyi yawanci kwafin kwafi ne, kuma sau da yawa da sunan fim ko na ɗan wasa ake saka shi. Wanda ya rubuta, da wanda ya rera, da wanda ya kaɗa, ba a ambatonsu. A daren nan na tambayi Malam sunan wanda ya kaɗa waƙar da ta sa shi lumshe ido, ya yi shiru. Ni ma da ya mayar mini da tambayar da na yi shiru.

Narambaɗa ya yi sa'a, domin an sami masana irin su Aliyu Muhammad Bunza sun tattara tarihinsa da waƙoƙinsa. Su kuwa mawaƙan fiyano da dama suna nan da ransu, ana iya zama da su a yau. Ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan kusa da mu, da rassan ƙungiyar marubuta, da su tattara waɗannan waƙoƙi, su rubuta matanoninsu, su tantance masu su. Ko da wasunsu ba su kai zinariya ba, shaida ce ta yadda matasan wani zamani suka yi magana da soyayya.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Babu laifi mutum ya so waƙar ƙuruciyarsa, laifin shi ne ya mayar da son ransa ma'aunin da zai yanke wa na gaba da na baya hukunci. Waƙoƙin fiyano na 1999 zuwa 2009 sun buɗe sabon jigo, sun fito da muryoyi nagari, amma sun yi sakaci da harshe, sun kuma dogara da aro. Wannan shi ne matsayinsu a ganina, kuma ƙofa a buɗe take ga mai wani ra'ayi ya aiko da nasa. Shi kuwa matashin nan na Arkilla, nan da shekara ashirin, in Allah ya kai mu, zai kunna waƙar da yake ji da ita yau, wani yaro ya yi masa dariya. Allah ya ba shi haƙurin da Malam bai samu ba a daren nan.