Daga Gomiya Biyu zuwa Ashirin: Nazari kan Ƙirgen Hausa a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Yaron da ya tashi a Ƙaraye ko Rogo yakan iya ɗaya zuwa goma tun kafin a ba shi allo. Goma sha ɗaya zuwa goma sha tara ma ba sa ba shi wahala, don duk Hausa ce. Da ya kai ashirin kuwa, ya shiga Larabci bai sani ba: talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, casa'in. Sai a ɗari da dubu ya sake baro shi.

Kakanninmu suna da nasu kafin wannan. Gomiya biyu suke cewa, gomiya uku, har gomiya tara. A lissafin wuri kuma akwai hauya, wato ashirin, da zangu, wato ɗari, da keso mai cin wuri 20,000. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dala ɗaya ta azurfa. Al'ummar da take irga dukiya haka ba rashin lissafi ne ya kai ta aro ba. Addini da fatauci ne suka shigo da sababbin kalmomin sannu a hankali, daga zuwan Wangarawa zamanin Sarkin Kano Yaji a ƙarni na 14, zuwa cuɗanya da fataken Arewacin Afirka a kasuwar Kurmi.

Mutanen tsibirin Sebu na ƙasar Filifin suna da irin wannan labari. Sifaniyawa sun kafa mulki a can a 1565, ba su bar ƙasar ba sai 1898. Har yau mai harshen Sebuwano yakan irga ƙananan abubuwa da nasa usa, duha, tulo, amma in kuɗi ne ko agogo ko adadi mai yawa, sai ya koma baynte da singkwenta na Sifaniyanci. Nasu mulkin mallaka ne ya kawo, namu kuwa malami ne da ɗan kasuwa.

A ƙasar Ƙaraye da Rogo har yanzu a hannun waɗannan biyun ake koyon ƙirgen. Almajiri ya san sittin domin izu sittin zai sauke. Ya san talatin da uku daga tasbihin bayan salla, casa'in da tara daga sunayen Allah. Yarinya ta san arba'in daga wankan jegon yayarta. Mai dabbobi a Zarewa ko Fulatan ya san akuya ɗaya ake fitarwa zakka cikin arba'in, maraƙi ɗaya cikin shanu talatin. Ranar rabon gado kuma kowa zai ji sumuni da sudusi da sulusi a bakin malami. Kowace kalma da aikinta ta zo, shi ya sa ta zauna.

Kasuwa ita ce makaranta ta biyu. A tsaya gefen dillalin hatsi lokacin kaka. Mai saye ya soka hannu cikin buhun masara, ya murza ƙwayar, ya ce, "Na saya arba'in." Dillali ya girgiza kai: "Albarka." "To, hamsin ba biyu." Sai ya waiwayi mai kaya, su haɗa ido, ya ce, "An sallama." Babu wanda ya ambaci dubu, babu kuma wanda ya ruɗe. Yaron da ke riƙe da allurar ɗinkin buhu ya koyi ragi a nan, don sai ya cire biyu daga hamsin kafin ya san kuɗin da za a irgo. Haka abin yake wajen cinikin rake da mazarƙwaila, da kifin da masunta ke fitowa da shi daga dam ɗin Calawa.

Abin lura a wannan ciniki shi ne Hausa ta ari kalma, ta riƙe tsarinta. Balarabe ɗaya da ashirin yake cewa, Bahaushe ashirin da ɗaya. Ta kuma tace abin da ta ara: minya ba ta iya ture ɗari ba, metan da arbaminya da hamsaminya sun koma bakin dattawa, alif kuma ya rage wajen faɗin shekara. Ko fam, da naira ta maye gurbinsa a 1973, ya daɗe ana nufin naira biyu da shi, jaka kuma naira ɗari biyu.

Aron da ake yi yau daban ne. Lambar waya, lambar asusun banki da kuɗin da mai POS zai tura, da Turanci ake karanto su ɗungurungum, ba sa shiga ginin jimlar Hausa. Ana samun ɗan firamare da zai rera ƙirgen Turanci har ɗari, amma a ce ya miƙo saba'in da biyar sai ya tsaya yana zare ido. Tsohuwar da ta kai gyaɗarta kasuwa kuma dole ta yarda da adadin da aka faɗa mata da harshen da ba ta ji. A nan ake cutar mutane.

Koyon ƙirgen Turanci wajibi ne, amma a kan na gida ya kamata a ɗora shi. Malaman firamare na Ƙaraye da Rogo su riƙa sa yara faɗin kowane adadi da Hausa kafin su rubuta shi. Masu shagon tura kuɗi su maimaita wa abokin ciniki adadinsa da Hausa. Iyaye kuma su aiki yaro kasuwa, in ya dawo su zaunar da shi ya yi musu lissafin canji da bakinsa.