Portinari, Mai Zanen Talakawan Burazil

An haifi Candido Portinari a 1903 a Brodowski, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Sao Paulo ta ƙasar Burazil. Iyayensa baƙi ne daga Italiya, 'yan ƙwadago a gonakin gahawa. Ya koyi zane a Rio de Janeiro, ya ci gasa a 1928, aka tura shi Turai. Sai da ya zauna a Faris begen gida ya kama shi. Da ya komo a 1931, ya duƙufa ga zanen mutanen da ya tashi a cikinsu.

Duk wanda ya dubi zanensa na masu aikin gahawa, na 1935, abin da zai fara tsone masa ido shi ne ƙafafu da hannuwa, manya-manya, kamar an sassaƙa su daga kututture. Waɗansu sun ce wannan muni ne, ya ɓata surar ɗan Adam. Amma da gangan ya yi. Talaka ba ya da wata dukiya sai ƙarfinsa, don haka mai zanen ya girmama gaɓoɓin da ke ciyar da ƙasa, buhunan da ke kan mazajen kuwa suka rufe fuskokinsu. Ga kuma shugaban lebura yana nuni da hannu. Ba a bukatar wani bayani.

Gwanintarsa ta kai matuƙa a 1944, sa'ad da ya zana masu gudun fari na arewa maso gabashin ƙasar: iyali tsaye a busasshiyar ƙasa, fata ta manne wa ƙashi, yaro da kumburarren ciki, tsuntsaye suna shawagi bisansu. Gaskiya ne akwai sawun Picasso a nan, kuma wani lokaci kukan yakan yi yawa har ya danne zanen. Duk da haka yunwar ba ta aro ba ce.

Manyan allunansa biyu na yaƙi da zaman lafiya, da aka kafa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1957, ba janar ko makami a cikinsu, sai uwaye masu makoki da yara masu wasa. Likitoci sun hana shi fenti saboda gubar dalma, ya ƙi bari. Ita ce ajalinsa a 1962.