The Godfather: Ƙofar da Aka Rufe wa Kay

Jama'a kan tuna The Godfather na 1972 saboda dusasshiyar muryar Marlon Brando. A ganina, ƙarfin fim ɗin Coppola yana wajen Michael, autan 'ya'ya mazan Vito Corleone, sojan da ya dawo yaƙi yana gudun sana'ar gidansu. Harbin mahaifinsa ne ya jefa shi ciki. Ku lura da ranar baftisma: bakinsa na barranta daga Shaiɗan a coci, yaransa na karkashe abokan gaba. Sannan ya sa aka kashe mijin ƙanwarsa, ya musanta wa matarsa Kay, aka rufe mata ƙofa. Garin kare iyali ya rusa amanar cikinsa. Wannan ciwon ne Indiyawa suka aro a Sarkar na Amitabh Bachchan.