Jinjina ga Masu Gyaran Lasifika

Haƙiƙa duk wanda kiran sallar Asuba ya tashe shi a Fakku, ko ya saurari tafsirin watan Ramadan a Kebbe da Tambuwal, wajibi ne ya yaba wa masu gyaran lasifika, waɗanda idan wuta ta ƙona naɗin tagulla har muryar ladan ta dishe, ba sa yanke ƙauna, sai su kwance ƙahon, su sauya ɗan faifan da ke kaɗawa, su liƙe wayar da dalma. Kamfanin TOA na Japan, wanda aka kafa a 1934, da Ahuja na Indiya, su ma sun kyauta, da yake suna sayar da faifan daban. Jama'ar masallaci, a biya bayin Allahn nan hakkinsu a kan kari.